Wace Ce a Cikin Hular Kwano?

Ranar da aka kafa allon tallan nan a bakin babban titi, daidai inda motocin haya ke juye mutane, Auta ta tsaya ƙarƙashinsa da ƙatuwar jakarta a kafaɗa, ta ɗaga kai har wuyanta ya ƙage. Rabin allon hoton gola ce ta miƙe a iska kamar an wurgo ta daga bene, sanda a hannun dama, ƙwallo na karo da hannun hagu. Auta ta san wannan tsallen. Ita ta yi shi, kuma haƙarƙarinta bai manta da saukar ba. Ɗaya rabin kuwa wata ce ta rungume hular kwano a hammata tana murmushi, haƙora a jere kamar an auna su da zare, gira a gyare tsaf. Daga ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: ƘYAUREN ƘASA.

Har sunan ma sun ba ta!

Ƙyaure dai laƙabin Auta ne. 'Yan wasa suka sa mata shi tun shekarar da aka fara kiranta ƙungiyar ƙasa, don in ta rufe raga sai dai ƙwallo ta nemi taga. Mai murmushin kuwa mataimakiyarta ce, gola ta biyu, wadda ake kira 'Yar Hoto. Yarinya ce marar mugunta, tsakani da Allah, amma mazaunanta sun fi ƙafafunta sanin filin wasa, don a benci take wuni.

To wanda bai san ƙwallon gora ba, wadda 'yan boko ke ce wa hoki, sai ya ce mene ne na tayar da jijiyar wuya a kan hoto. Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwallon nan ba ta fata ba ce, 'yar dunƙulalliya ce mai taurin dutse, in aka ɗebo ta da sanda aka aiko, ƙashi take nema. Shi ya sa gola ba ta shiga fili sai an naɗe ta kamar kayan fashewa: katifa a ƙwauri, katifa a cinya, sulke a ƙirji, takalma kamar kwale-kwale, sannan a kifa mata hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska. In ta fito tana tafiya a tattale, mutane kan ce ko uwar da ta haife ta ba za ta shaida ta ba.

Kuma wasan yana da wata muguwar ɗabi'a. In ana cin ku, lokaci ya zo gargara, koci kan cire gola ya sa mai kai hari a madadinta, a bar raga wayam, ko a mutu ko a yi rai. A nan ne kawai Auta ke zuwa benci ta tuɓe hula, gumi na zuba, rai a jagule, kuma a nan ne kawai mai kyamara ke tunawa da ita. Ranar nasara kuwa 'yan wasa kan rufto mata da hular da komai, su danne ta a ƙasa suna ihu, kafin ta zaro kanta daga ƙarƙashinsu an riga an koma tallan sabulu. Saboda haka shekara da shekaru ba a taɓa ganin fuskar Auta a talabijin ba sai a zaune a benci, tana huci, ana lallasa ƙasa.

Matan unguwa kuwa ba su jira an yi musu fassara ba. Sun gani da idonsu.

Majalisarsu shagon kitson Inna ne, mahaifiyar Auta. Ɗan tsukukun shago ne mai madubi guda da ya tsage daga kusurwa, da kujerun roba, da talabijin a kan wata kanta ta ƙarfe sama da ƙofa, ko'ina ƙamshin man kitso da ƙaurin gashi. A gefen madubin akwai kujera ɗaya mai hannu da matashi, ita ce ta Gwaggo, yayar marigayi baban Auta. Kullum Gwaggo na shagon tun safe, alhali gashin da ya rage mata a ka bai isa a kama da tsinke ba.

Auta ta turo ƙofa da jakar, ba ta ko gama sallama ba.

"A'a, ga 'yar benci ta dawo!" in ji Gwaggo. "Sannu da zama, Auta. An zaunu lafiya? Ya katakon ƙasar waje, da laushi?"

Mata suka kwashe da dariya, har wadda ake wa kitso ta motsa kai ta sha dundu.

"Gwaggo, ni ce a raga."

"Ke ce a raga. To waccan ta jikin allo fa, aljana ce? Hukuma ta yi ƙarya, masu sabulu sun yi ƙarya, talabijin ya yi ƙarya, ke kaɗai Allah ya ba gaskiya a duniyar nan? Yarinya, gani ya kori ji. Mu dai nan da mun hango fuskarki, sai kowa ta nemi takalminta, an ci mu ke nan. Ni na faɗa wa uwarki tun kina goye, farar ƙafa gare ki. Ranar da aka haife ki injin niƙan babanki ya tsaya."

Auta ta jefar da jakar, ta naɗe hannun riga har kafaɗa. Damtsen nan ya yi shuɗi, ya yi baƙi, wani wurin ya koma kore.

"Wannan fa? A benci ake samun wannan?"

Gwaggo ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido ta duba da kyau.

"Wayyo. Bencin ne ya faɗo miki?"

Wannan karon har da masu buga cinya. Auta ta juya wajen Inna. Kalma ɗaya take jira, ɗaya tak. Inna na tsaye bayan kan wata mata, tsinke a baki, yatsu na tafiya. Ba ta ɗago ba. Sai da ta kai ƙarshen layin ta cire tsinken ta ce, "Kai jakar nan baya, tana korar min mutane."

Gaskiya ne, jakar gola wari gare ta, irin wanda ko kare ya shinshina sai ya canza hanya. Amma ba shi Auta ta zo ji ba. Ta ja jakar a ƙasa har bayan gida, ƙirjinta na tafasa. Dariyar Gwaggo ta saba da ita. Shirun Inna ne ya fi mata ciwo.

Washegari ta dira ofishin hukumar wasan. Jami'in yaɗa labarai na zaune tsakanin kofuna masu ƙura da kwalayen sabulun da masu talla suka kawo, fanka na kaɗa masa takardu. Mutum ne mai laushin murya, irin waɗanda za su taka ka su ce sannu ba tare da sun ɗaga ƙafa ba.

"Ƙyaure, ki fahimce ni," ya ce. "Masu sabulu sun ce fuska mai fara'a suke so. Mun bincika hotunanki kaf, babu ko ɗaya da kike dariya."

"Ina zan yi dariya, ba ku ɗaukata sai ana cinmu?"

"To kin gani. Ai duk ɗaya ne, ƙungiya ce. Hannun dama, hannun hagu."

"Hannun hagu shi ya karya yatsa a wasan bara? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko? Ku sauke allon nan."

"Allo ya hau, ƙanwata. Sai dai a yi haƙuri." Ya miƙo mata kwalin sabulu. Allah ya taimake shi ƙofar a buɗe take, don ta nan kwalin ya fita.

A filin atisaye ta kai ƙara wajen Koci, wani dattijo da wasan ya cinye wa gwiwoyi, yana tafiya kamar mai tsallake kwata. Bai ko cire usur daga wuya ba.

"Aikinki tare ƙwallo, ba tare bakin mutane ba," ya ce. "Sa kayanki."

'Yar Hoto ta biyo ta ɗakin canza kaya tana murza yatsu. "Wallahi Yaya, ce min aka yi kowa za a ɗauka. Hularki ma aka ba ni in riƙe, tawa wai ta yi sabuwa da yawa."

"Hulata?"

"Na goge ta kafin in mayar."

Auta ta dube ta, ta rasa inda za ta sa fushin. Yarinyar ko zagi ba ta iya ramawa. Ranar duk wadda ta bugo ƙwallo a atisaye sai da ta yi da-na-sani, don da ƙafa Auta ke mayar da ita, kuma ba ta duba inda take aikawa.

Ana haka tafiya ta taso, wasan da duk wanda ya ci shi zai je gasar duniya. Ƙungiyar ba ta taɓa zuwa ba, tun kafin a haifi Auta ake nema.

Kamar kullum in za ta yi tafiya, Inna ta zaunar da ita a 'yar kujerar tsugunno da rana tsaka, lokacin da shago ke yin shiru. Kitso iri ɗaya take mata koyaushe, ƙanana a kwance zuwa baya, ba ƙulli a ƙeya, ba tudu ko'ina. Auta ta daɗe da ɗauka rowar gwaninta ce, mai kitso ba ta ɓata basirarta a kan da ba ya biya.

"Inna."

"Sunkuyar da kai."

"Ke ma zato kike a benci nake wuni?"

Yatsun suka ɗan tsaya, sannan suka ci gaba.

"Daina motsi, za ki karkatar min da layi."

Da wannan amsar Auta ta hau jirgi. Ta ci abinci da ita, ta yi atisaye da ita, ta shiga fili da ita a cikin hula.

Wasan ya yi zafi tun daga usur na farko. Abokan karawar dogaye ne, masu gudu kamar an kunna musu wuta, suka tare a gidan su Auta kamar masu bin kuɗin haya. Ƙwallo ta zo ta sama, ta zo ta ƙasa, ta zo ta tsakanin ƙafafun mutane ba a gan ta ba sai ƙara. Auta ta tare da ƙwauri, ta tare da kafaɗa, wata ta daki ragar hular har kunnuwanta suka yi ta kuka. Aka tashi kunnen doki.

Sai raba gardama. A wasan nan yadda ake yi, 'yar wasa ɗaya ce ke taho da ƙwallo daga nesa, ita da gola kawai, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko ta ci ko a hana ta. Ana yi bi da bi. Nan ne Auta ta fi kowa, don ba ta jira a raga, fitowa take ta tari mutum, ta yi ta rawa a gabanta tana toshe hanya har lokaci ya ƙare mata.

Ta farko ta taho, Auta ta share ƙwallon da sanda. Filin ya ɗauki ihu. Tana miƙewa ta ɗaga ido, sai ga ƙaton allon filin yana maimaita abin da ta yi, a gefe kuma an sa hoton mai tsaron gida don 'yan kallo su san ta. Haƙora a jere. Gira a gyare. Ashe hoton da jami'in nan ya aika wa masu gasar ke nan.

Auta ta ciji robar kare haƙora da ke bakinta. Wata ta taho, ta ci. Wata ta taho, Auta ta kwanta mata a gaba ta haɗiye ƙwallon da cinya. Allo ya sake washe haƙora. 'Yan kallo na tafa wa murmushin. Ta san a daidai wannan lokacin shagon Inna cike yake, Gwaggo na kan kujerarta tana cewa ku dubi 'yar albarka, ku dubi 'yar da aka haifa da ƙafar dama. Inna kuma tsinke a baki.

Aka zo ta ƙarshe. 'Yan ƙungiyar Auta na gaba. In ta tare wannan, sun tafi gasar duniya. Kuma ta san abin da zai biyo baya sarai: za su rufto mata da hula, su danne ta, allo ya yi murmushi, a koma tallan sabulu.

Mai bugun ta ajiye ƙwallo a kan layi. Alƙaliyar wasa ta ɗaga hannu, ta dubi raga.

Babu kowa a ragar.

Auta ta riga ta nufi gefen fili a tattale, takalman nan na fam-fam, kai tsaye wajen mai kyamarar da ke durƙushe bayan allunan talla. Ta ɓalle maɗaurin haɓa, ta fizge hular, ta tofar da robar baki, ta kusa cusa hancinta cikin gilashin.

"Gwaggo! Kalle ni da kyau! Ga bencin! Inna, ɗago kai ki gani, ni ce! Ni ce a ciki, tun farko ni ce!"

Usur na ta tashi a bayanta. Koci na ihu daga benci har muryarsa ta shaƙe. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Alƙaliya ta iso da gudu ta taɓa mata kafaɗa, Auta ta juyo ta kaɗe hannun, ta faɗa mata wata magana da ba ta buƙatar tafinta, ta buga hular da ƙasa har ta gangara cikin fili.

Kati ya fito, ruwan ɗorawa. A raba gardama kuwa wanda aka ba wannan katin ya gama, sai dai wani ya tsaya a madadinsa.

Sai a lokacin filin ya dawo mata, da ƙararsa da mutanensa. Ta ga 'yan ƙungiyarta jere a tsakiya, hannuwa a kai. Ta ga 'Yar Hoto ana ɗaura mata sulke, sabuwar hular nan tata na ƙyalli.

Auta ta zauna a benci. Mai kyamara, ɗan halak, bai manta da ita ba.

Abin da ya faru bayan nan ko a mafarki ba a tsara shi haka. Mai bugun ta daɗe a tsaye tana jira, jikinta ya yi sanyi, hankalinta ya rabu. Ta taho. 'Yar Hoto ta fito a makare, ta faɗi tun ba a kai ga faɗuwa ba, ta juya baya ma gaba ɗaya. Mai bugun ta ga raga a buɗe, ta yi gaggawa, ƙwallon ta daki dunduniyar 'Yar Hoto da ke sama tana harbin iska, ta fita waje.

An yi nasara. An tafi gasar duniya. Kuma 'Yar Hoto, da yake ita ta san aikinta, sai da ta cire hula ta gyara gashi kafin su rufto mata.

A motar da ta kai su filin jirgi 'yan wasa na waƙa a baya, ba wadda ta zauna kusa da Auta. Koci ne ya jawo gwiwoyinsa ya zauna, yana kallon gaba.

"Hukuma ta dakatar da ke. Ko ba ta dakatar ba ni ba zan tafi da ke ba. Na ba ki raga ki riƙe min, kika saki kika tafi gaisuwa."

"Koci, shekara nawa ina..."

"Na sani. Ni na san wace ce a ciki, su ma waɗannan sun sani. Ba mu ishe ki ba." Ya tashi ya koma gaba.

Garin neman gira an rasa ido. Amma ko a jirgi Auta na riƙe da abu ɗaya: aƙalla yanzu sun gani.

Sun gani kuwa. Tana shigowa shago Gwaggo ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi wa kowa.

"Ga ta nan! Ashe ke ce a ciki! To wallahi yanzu na gane. Shi ya sa shekara da shekaru muke shan kashi. Ku duba fa, ana cire ta aka ci wasan! Ana cire ta! Ban ce muku farar ƙafa ba?" Ta juya ga matan tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Amma dai ta kira ni duniya ta ji. Har daga wani gari an bugo min waya, wai ke ce Gwaggon? Na ce ni ce, ba wata."

Jakar ta zame daga kafaɗar Auta.

Sai aka ji tsinke ya faɗi a kan tebur.

"Kowa ta fita," in ji Inna.

Matar da ke zaune da rabin kai a tsefe ta ce, "Maikitso, ni fa ba a gama..."

"Ɗaura ɗankwali. Fita. Yaya, har ke."

"Ni? A shagon ƙanena?"

"Ƙanenki injin niƙa ya bari, shi ma ya tsaya. Fita."

Ta rufe ƙofa ta sa sakata, ta juyo. Auta ba ta taɓa ganin idon Inna haka ba.

"Zauna."

Auta ta zauna a 'yar kujerar tsugunno. Inna ta kama kanta, ta fara tsifa, ba a hankali ba.

"Inna, ɗago kai ki gani. Ni za ki faɗa wa haka a gaban duniya? Ni?" Ta fizgi layi guda. "Wa yake kitsa kan nan? Kin taɓa tambayar kanki don me nake kwantar miki da shi, ba ƙulli ba tudu? Don kada hular ta ci miki ƙeya, shashasha! Ga nan," ta danna yatsa a gefen goshinta har Auta ta yi ƙara, "nan take gurje ki duk tafiya, gashin wurin ya daina fitowa. Ga nan kuma bayan kunne. Ni nake shafa miki magani kina zaton man kitso ne. Mai zaman benci hula na cin kanta? Ko a talabijin, kafin a bugo miki sai kin sosa ƙwaurin hagu da ƙafar dama, cikin katifar ma sai kin yi, kamar ubanki in yana jiran a biya shi. Ko a cikin buhu aka ɗaure ki na san ki."

"To don me ba ki taɓa cewa komai ba? Kina ji suna..."

"Don ina da hankali! Kin san bakin matan nan? Sun yabi gashin 'yar mai kanti, wata bai zagayo ba ya kakkarye. Sun yabi auren mai ɗinki, ina yake yau? Ni ina nan ina kallo ana harbo miki dutse a ƙirji, kuma in ce musu ga ta nan, ku sa mata baki? Na bar su suna ta yabon waccan mai haƙoran, na ce in bakin zai kama, ya kama ta. Ke su yi ta zaginki, zagi ba ya karya ƙashi. Shekara da shekaru ina haɗiye maganar Gwaggonki kamar garwashi, ina ɓoye ki, ke kuma kika je kika tuɓe hula kika miƙa musu fuska a faranti!"

"Da kin faɗa min ko sau ɗaya."

"Da kin tambaye ni kamar mutum, ba kina huci a ƙarƙashin hannuna ba!"

"Na tambaya! Kika ce in daina motsi!"

"To kin daina?"

Kowacce na numfashi sama-sama. Ta tagar ana ganin inuwar kawuna, ta Gwaggo a gaba. Auta ta ji hawaye na zuwa, ta mayar da su, don ba ta gama fushi ba, kuma yanzu ba ta san da wa take yi ba.

"Za su tafi ba ni, Inna. Gasar da nake nema tun ina 'yar makaranta."

"Za su tafi. Ke kika ba waccan mai haƙoran gurbinki, da hannunki. Allon ƙarya ne da, yanzu kin mayar musu da shi gaskiya." Ta ɗauko mataji ta shiga sharce kan kamar da shi ta yi faɗa. "Kuma kada ki sa ran zan ce miki ba komai. Da komai."

Da ta gama sharcewa ta tsaga layin farko. Auta ta ji inda tsinken ya bi, ƙarami, a kwance, zuwa baya.

"Ki yi min wani iri mana. Ai ba inda za ni."

"Gobe akwai atisaye a kulob ɗinku ko babu?"

"Akwai."

"To sunkuyar da kai."

Kitson ranar ya yi zafi, har girar Auta ta ɗage sama. Ba wadda ta ce wa wata yi haƙuri.

Ranar da aka fara gasar duniya, Auta ba ta shago, tana wani fili a bayan gari da ba kyamara ko ɗaya, yaran kulob na harbo mata ƙwallo tana zaginsu wai ba su ci abinci ba. Sai da rana ta yi ta dawo, ta wuce ƙarƙashin allon ba ta ɗaga kai ba, ta shigo da jakar tana ɗigar gumi. Ta nufi baya da ita kamar kullum.

"Kawo nan," in ji Inna.

Ta zuge jakar da kanta. Warin ya tashi ya cika shagon, mata suka ja mayafi zuwa hanci. Inna ta zaro katifun ƙwauri ta jingina a hannuwan kujerar nan mai matashi, ta shimfiɗa sulken a jikinta, ta ɗora hular kwano a tsakiya, ragar fuskar na kallon ƙofa.

Gwaggo, da ta ɗan leƙa gida, ta shigo da saurinta don kada a fara wasan ba ita, ta yi turus.

"Maikitso, mene ne wannan a kujerata?"

Inna ta mayar da tsinke baki, ta kama kan da ke gabanta, ta yi magana ta gefen haƙora.

"Kayan gola ne suke shan iska, Yaya. Akwai benci a waje."